Jaka a Goye, Baki a Ɗinke

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo mana ta cikin wayoyin hannu, ta kuma sami gindin zama a ɗakunan kwanan ɗalibai, har ya zamana da wuya a watse daga hirar dare ba tare da wani ya tayar da zancenta ba. Ɗabi'ar kuwa ita ce ta matasan Turai da Amurka waɗanda kan tattara 'yan komatsansu cikin jaka guda, su goya ta, su hau jirgi zuwa tsibirin Bali ko ƙasar Tailan ko garin Rishikesh na Indiya, su sauka a irin gidajen nan da masu hannu da shuni ke zuwa hutu da gyaran jiki da neman natsuwa, su yi 'yan makonni suna shara da wanke-wanke da yanka kayan miya, sa'an nan su ɗauki hotunan kansu su watsa wa duniya cewa wai sun yi aikin sa kai. Abin da suka fi alfahari da shi kuma, wanda shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami, shi ne sun yi wannan duka ba su san ko kalma goma ta harshen mutanen ƙasar ba. Wai murmushi ya isa, wai nuni da hannu ya isa, wai zuciya ba ta bukatar tafinta. Wasu daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai, har da ƙananan ma'aikata waɗanda suka fara karɓar albashi jiya-jiya, sun ji wannan zance sun gaskata, suna nan suna lissafin kuɗin jirgi.

Mu da muka fito daga Kebbe da Tambuwal muna da ta cewa a kan wannan al'amari, domin mun san abin da rashin harshe ke jawowa a wurin da ake bukatar taimako da gaske, ba a wurin da ake wasa da sunan taimako ba.

Bari mu fara da tsarin kansa. Akwai kamfanoni a intanet, irin su Workaway da Worldpackers, waɗanda ke haɗa matafiyi da mai masauki. Sharaɗin da aka saba shi ne matafiyi ya yi aikin kimanin awa 5 a rana, kwana 5 a mako, a ba shi wurin kwana da abinci, ba kuɗi ko kwabo. Shi zai biya kuɗin jirginsa, shi zai biya kuɗin rajista da kamfanin. Asalin irin wannan tsari ba abin zargi ba ne: ƙungiyar WWOOF da aka fara a Ingila cikin 1971 don mutanen birni su riƙa zuwa gona a ƙarshen mako aka kafa ta. Amma gidan hutu ba gonar talaka ba ce. Wurin kasuwanci ne, baƙin da ke kwana cikinsa daloli suke biya, kuma sharar nan da wanke-wanken nan aikin albashi ne wanda da wata mace 'yar garin za ta yi ta ciyar da 'ya'yanta. Watau mai gida ya sami ma'aikaci kyauta, matafiyi ya sami hoto da labari, ita kuwa 'yar garin ta rasa aiki. A ƙasarmu wanda ya yi wa mai dukiya aiki don a ba shi tuwo da tabarma mun san sunan abin da yake yi, barantaka ce, kuma ba mu taɓa jin baran da ya ce taimakon al'umma yake yi ba. Aikin sa kai da muka gada shi ne gayya: a yi shela, samari su fito da garemani su nome gonar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ko su yi yaɓen masallaci kafin damina, ko su cike zaizayar da ta yanke hanyar kasuwa. Gayya ba ta yiwuwa sai an ji shela, kuma ba a jin shela sai da harshe.

A nan ne ƙaryar ta fi girma. Mutumin da bai ji abin da kake faɗa ba, ta yaya zai san inda ke yi maka ciwo? Iyakar waɗanda zai iya magana da su su ne masu jin Turanci, watau mai gidan, da manajansa, da sauran baƙi irinsa. Mai dafa abinci da mai gadi da mai wankin zannuwa sun zama kamar itatuwan tsakar gida, ya yi musu murmushi ya wuce. Bai san nawa ake biyansu ba, bai san ko filin da aka gina gidan a kansa gonar ubansu ce ba, ba shi da hanyar tambaya, su ma ba su da hanyar gaya masa. Tun cikin 1968 wani malamin Kirista mai suna Ivan Illich ya tsaya gaban matasan Amurka 'yan sa kai masu zuwa ƙasar Meziko ya gaya musu gaskiya mai ɗaci: su zo su ga ƙasa, su zo su yi karatu, amma su daina cewa taimako suka kawo wa mutanen da ba su ma iya magana da su. Shekaru fiye da 50 ke nan, maganar ba ta tsufa ba.

Sa'an nan akwai abin da masu watsa hotunan ba su faɗa wa ɗan Nijeriya. Mai fasfon Jamus yana iya shiga ƙasashe fiye da 180 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba. Ƙasashen da fasfon Nijeriya ke buɗewa haka ba su kai 50 ba. Bizar ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya kuɗinta Yuro 90 tun daga 2024, ba a mayarwa in an hana ka, kuma a shekarar an hana fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya da suka nema. Bugu da ƙari, a ƙasashe da dama aikin da ake biya da abinci da makwanci aiki ne a idon doka. Tailan tana neman takardar izinin aiki ko daga ɗan sa kai, Indunusiya kuma takan kori baƙin da aka kama suna aiki da bizar yawon buɗe ido. Ka tambayi kanka, ɗan'uwa, in jami'in shige da fice ya shigo gidan nan ya tarar da mutum biyu riƙe da tsintsiya, Bature da kai, wa zai fara tambaya takarda? Baturen da ya goya jaka ya ƙetare iyaka sunansa matafiyi mai son sanin duniya. Saurayin Kuchi ko Margai da ya goya tasa jakar ya bi ta Agadas sunansa baƙon haure, ko da kuwa shi aikin gaske ya tafi nema.

Kada wani ya ce mu 'yan ƙauye ne masu tsoron tafiya. Tafiya gadonmu ce, kuma ba Bature ne ya koya mana ita ba. Jega da ke kudu da Tambuwal tana kan babbar hanyar fataken goro a ƙarni na 19, ayari kan tashi da jakuna ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu da Dagomba har Salaga ta ƙasar Gwanja, tafiyar watanni. Amma a duba yadda suke yin ta. Ba a ba mutum madugu sai ya san hanya, ya san sarakunan da ke kanta, ya iya zama da su a daidaita kuɗin fito. A kowane zango akwai fatoma wanda ke saukar da baƙi, ya yi musu tafinta, ya tsaya musu a ciniki. Bafatake bai taɓa ɗaukar rashin jin harshe abin alfahari ba, asara ya ɗauke shi, domin wanda bai ji abin da ake faɗa a kasuwa ba shi ake cuta. Haka kuma kakanninmu da suka nufi Makka a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, wasu su yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi ƙodago su tara guzuri, da yawa sun yi aiki a gonakin audugar Jazira ta Sudan bayan an buɗe su cikin 1925. Su ma aiki suka yi don ci da makwanci, amma ba su yi ƙaryar cewa agaji suka kai wa Sudan ba, kuma sun dawo da Larabci a bakinsu.

Ko cikin Turawan ma, waɗanda tafiyarsu ta bar abin kirki masu harshe ne. Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya yi yawo tsakanin 1850 da 1855, ya zo da Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci da Fillanci a hanya. Cikin 1853 ya bi ta Wurno da Sakkwato da Gwandu, kuma a Gwandu ne ya sami littafin tarihin Sudan na malaman Tambutu ya zauna ya kwafi abin da ya iya. Da nuni da hannu ya zo, da wa zai fito masa da littafi daga cikin gafaka? Ba muna wanke shi ba ne, mun san Ingila ce ta aiko shi, mun kuma san abin da ya biyo bayan irin waɗannan tafiye-tafiye cikin 1903. Abin da muke cewa shi ne ko mai leƙen asiri ya san ba a sanin ƙasa sai ta bakin mutanenta. Yaron da ya tafi da shi Turai kuma, Dorugu, Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, ya koyi Ingilishi, ya zauna da J. F. Schön ya ba shi labarai da kalmomin da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885, ko da yake sunan Baturen ne a bangon.

Ɗaya ɓangaren kuwa ɗaliban ƙasar nan ne suka fara tona shi. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa 'yar Peace Corps mai suna Margery Michelmore, wadda ba ta daɗe da sauka ba, tana karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta kati tana kwatanta ƙazanta da ci-bayan da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka buga shi aka rarraba, aka yi gangami, ita kuma ta bar ƙasar. Ba lalle ne muguwar zuciya gare ta ba. Ta ga mutane da ido, ba ta ji su da kunne ba, sai ta yanke hukunci. Don a yi adalci, ita wannan ƙungiya ta ɗauki harshe da muhimmanci: 'yan sa kanta da suka yi aiki a Nijar daga 1962 har zuwa Janairun 2011 sukan yi makonni suna koyon Hausa ko Zabarmanci kafin a tura su ƙauye, akwai ma waɗanda suka fita da Hausar da ta fi ta wasu 'ya'yan manyanmu na Abuja.

To, mu dawo gida, inda maganar ta daina zama ta hotuna. Dokar soja mai lamba 24 ta ranar 22 ga Mayu, 1973, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa bautar ƙasa da ita, manufarta ita ce a tura saurayi ko budurwa inda ba garinsu ba don a san juna bayan yaƙin basasa. Manufa ce mai kyau, ba mu da ja. Amma shekara bayan shekara ana kawo matasa daga Enugu da Ondo da Akwa Ibom sansanin Wamakko, su yi mako 3 galibinsa fareti da lacca, a koya musu sannu da na gode da nawa ne, sa'an nan a miƙa wa wasunsu takarda zuwa makarantu da asibitocin ƙananan hukumomi irin namu. Ƙidayar 2006 ta ba Kebbe mutum fiye da 124,000, Tambuwal fiye da 224,000, yanzu kuwa an ƙaru ƙwarai, kuma mafi yawan matan da ke goyo zuwa ɗakin shan magani a Girkau ko Sangi ko Ungushi ba su jin Turanci ko kaɗan. Ba ma Hausar littafi suke yi ba, Sakkwatanci ne, inda zafi ke zama zahi, tafi ke zama tahi.

A tsaya a yi tunanin abin da ke faruwa a ɗakin nan. Uwa ta ce yaronta shawara gare shi. Baƙon da ya haddace 'yan kalmomi ya san shawara a kan abin da ake ba mutum in ya rasa yadda zai yi, bai san ita ce kuma ciwon da ke mayar da ido rawaya ba. Mace ta ce sanyi ke damunta, shi ya ɗauka mura ce ko hunturu, alhali ciwon mata take nufi, wanda kunya ba za ta bari ta kira shi da wani suna ba, balle ta nuna wurin da hannu a gaban namiji. A tambaye ta sunan mijinta ko na ɗanta na fari don a rubuta a kati ta sunkuyar da kai ta yi shiru, shi kuma ya ɗauka taurin kai ne ko jahilci. Mafi muni duka ita ce cutar nan da likitoci ke kira noma, wadda ke farawa daga dasashin yaron da tamowa ta raunana, ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. In an kama ta da wuri magani mai araha na tsayar da ita, in an bari kuwa tana kashe kusan 9 cikin 10. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Amma ka shiga ƙauye ka ce kana wayar da kai a kan noma, kowa zai ɗauka malamin gona ne ya zo. Mutane ciwon daji suke ce mata, wasu su ce iska ce, kuma wanda ya yarda iska ce ba asibiti zai fara zuwa ba. Wane murmushi ne zai warware wannan?

Ba laifin ɗan bautar ƙasar ba ne. Shi bai zaɓi wurin ba, bai kuma ɗauki hoto ya ce harshe ba kome ba ne. Da yawansu suna iyakar ƙoƙari, su kira mai shara ko mai gadi ya yi musu tafinta, sirrin mara lafiya ya bi ta bakin maƙwabcinta, rabin maganar ta zube a hanya. Kuma tsoron da suke zuwa da shi ba na banza ba ne: a watan Agusta na 2023 an sace matasa 8 a hanyar Zamfara suna tafe daga Akwa Ibom zuwa sansanin Sakkwato, na ƙarshensu sai da ya yi kusan shekara guda a hannun 'yan bindiga. Wanda ya san wannan ya kuma zo, ya cancanci a girmama shi. Amma wannan ma hujja ce a gare mu, domin baƙon da ba ya jin Hausa ba ya jin gargaɗin da ake yi a tasha cewa yau kada a bi hanya kaza.

In ana son ganin yadda taimakon baƙo ke amfani, a dubi abin da ya faru a Zamfara maƙwabciyarmu cikin 2010, sa'ad da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙungiyar MSF ta likitoci na gari na kowa ta zo da gwanaye da magani, amma mafi yawan ma'aikatanta 'yan ƙasa ne, kuma da bakin Hausa aka shawo kan magidanta su daina niƙa dutsen a tsakar gida. Baƙo ya kawo ilmin da babu, ɗan gari ya kawo harshe. Shi kuwa mai goyon jaka ba ilmin, ba harshen, sai kyakkyawar niyya da na'urar ɗaukar hoto.

Yanzu ga tambayar da muke yi wa 'yan'uwanmu masu lissafin kuɗin jirgi. Abin da ɗakin shan maganin nan ya rasa, watau mutum mai ilmin zamani wanda kuma ke jin maganar tsohuwa har da abin da ta ƙi faɗa, a bakinku yake, kyauta kuka same shi a gindin murhu. Cikin 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai na gida ba abin yi. Mutum nawa cikin masu mafarkin Bali suka je asibitin garinsu suka ce ga mu, za mu riƙa fassara? Wanda aka ba aikin gwamnati aka tura shi Kebbe, washegari yana bin gidajen manya a Sakkwato da takarda a hannu a mayar da shi birni, wai ba wuta, wai ba hanya. Shi ne kuma zai yarda ya kwana a bukkar gora a wata ƙasa, ya wanke bayan gidan attajirai kyauta, don kawai a can sunan abin ya fi daɗin faɗa. Wannan ba son tafiya ba ne. Tsohon ciwon nan ne da mulkin mallaka ya bari a kawunan 'yan boko, na ganin cewa ko tsintsiya in ta Turawa ce ta fi alƙalamin gida daraja.

Mai son ganin duniya ya je, ba mu hana shi ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga Binin da Togo da Gana har kwana 90 ba biza, zangon Kumasi na nan inda kakanninsa suka sauka. Ya ɗauki wata 6 ya koyi Faransanci ko Larabci tukuna, ya tafi da sunan ɗalibi ko ɗan yawon buɗe ido, ya biya kuɗin masaukinsa ya bar wa 'yar garin aikinta.

Ga ƙungiyar ɗalibai kuma muna da bukata wadda ba ta cin kuɗin da bikin maraba da sababbin ɗalibai ke ci. A buɗe rajista kafin dogon hutu, a rubuta sunan duk ɗalibin da zai koma ƙaramar hukumarsa kuma ya yarda ya ba da safiya 2 a mako a asibiti ko makarantar da aka tura ɗan bautar ƙasa, a aika da sunayen ga shugabannin sassan lafiya da na ilmi, a kuma tabbatar akwai mata a ciki, domin akwai maganar da mace ba ta faɗa wa namiji ko da harshensu ɗaya. Ɗaliban sashen Hausa da na koyon likitanci su zauna tare su tattara sunayen cututtuka da na gaɓoɓin jiki yadda ake faɗarsu a Dogon Daji da Sanyinna da Fakku, ba yadda suke a ƙamus ba, a buga ɗan littafi a kai Wamakko a raba wa duk wanda aka tura asibiti. Hukumar bautar ƙasa kuma ta rage awoyin fareti ta ƙara na harshe, ko ba don kowa ba, don waɗanda za su riƙe allura. Za mu kawo wannan batu a rubuce a zaman majalisar ɗalibai mai zuwa, kuma za mu nemi a ƙirga hannuwa a rubuta sunan wanda ya ƙi.